Shin Za A Iya Haɗa Fankoki Na Kamfanoni Daban A Kan Ƙwaƙwalwar Kwamfuta?

Yau filin kimiyya zai leƙa cikin akwatin kwamfutar tebur, irin wadda ake ajiyewa a ɗakin kwamfuta.

A tsakiyar babban allon kwamfuta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafi. Tana aiki tana zafi, shi ya sa ake ɗora mata ƙarfen sanyaya: bututun tagulla su kwaso zafin su kai shi ga siraran faranti na alminiyom, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu. Idan fankar ta mutu, zafi na iya kaiwa digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, sai furosesa ta rage gudu don kare kanta, ko kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya. A zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu, wannan na saurin faruwa.

To, a ce ƙarfen naka na Cooler Master ne mai ɗaukar fanka biyu, ɗaya ta lalace, a kasuwa kuma ta Arctic ka samu. Za su zauna tare? E, za su zauna. Furosesa ba ta san sunan kamfani ba, iska kawai take buƙata. Amma sai an duba abubuwa huɗu.

Na farko, girma. Yawancin waɗannan fankoki milimita 120 ne ko 140, kaurinsu milimita 25. Maƙalan da ke riƙe fanka a jikin ƙarfen an yi su ne daidai da wani girma, don haka a auna tsohuwar kafin a je saye.

Na biyu, bakin waya. Akwai mai rami 3, akwai mai rami 4. Duka suna aiki da bolt 12, amma ta rami na huɗu ne babban allo ke umartar fanka ta ƙara gudu ko ta rage. Idan aka haɗa mai 3 da mai 4 a waya ɗaya mai reshe biyu, sau da yawa mai 3 za ta yi ta gudu iya ƙarfinta ba sassauci. A kuma tara wutar da aka rubuta a bayan kowace fanka, domin mahaɗar da aka rubuta wa CPU_FAN galibi amfiya 1 take ɗauka.

Na uku, gudu. Umarnin da allo ke aikawa na kaso ne. Idan ya ce rabi, mai juyi 2,000 a minti za ta yi kusan 1,000, mai 1,200 kuma kusan 600. In tazarar ta yi yawa, mai rauni sai ta koma tare wa mai ƙarfi hanya, kamar a haɗa babban sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya. Kuma waya mai reshe gudun fanka ɗaya kawai take sanar da allo, don haka ɗayar na iya tsayawa ba ka sani ba.

Na huɗu, inda iska ke nufa. Ta gaba turawa take yi, ta baya kuma ja, dukansu zuwa bayan akwati. Iska na fita ne ta gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin fanka, wasu ma akwai 'yar kibiya a jikinsu. Idan suka fuskanci juna, zafin zai tsaya a tsakiya.

Sai maganar ƙara. Fankoki biyu masu gudu dab da juna kan yi wani gurnani mai tashi da sauka. Wannan yana faruwa ko da kamfaninsu ɗaya ne. Kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, da ya fitar da NH-D15 G2 a 2024, da gangan ya ɗan bambanta gudun fankokinsa biyu don ya magance hakan.

Bayan an ɗaura, a shiga BIOS a duba zafin furosesa, a kuma tabbatar da ido cewa duka biyun suna juyawa. Idan babu wadda ta dace, fanka ɗaya mai lafiya takan wadatar, domin abin da ta biyu ke ragewa 'yan digiri ne kawai.

A ƙarshe, 'yan'uwa, kada kowa ya buɗe kwamfutar makaranta sai da izinin malami, kuma a zare wayar wuta tukuna. Mai tambaya ya miƙa ta ga ƙungiyar 'yan jarida. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.