Me ya sa rumbun ajiya ke ɓacewa bayan sauya rauta?

A gidaje da ƙananan ofisoshi da dama, ana amfani da wata na'ura mai kama da ɗan akwati wajen adana hotuna da takardu da bidiyo, ta yadda kowace kwamfuta da ke wurin za ta iya kaiwa gare su. Ana kiranta NAS, wato rumbun ajiyar bayanai da ke haɗe da hanyar sadarwar gida.

Sai dai sau da yawa, da zarar an sauya na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, sai kwamfuta ta daina ganin rumbun. Daga nan sai hankalin mai shi ya tashi, yana zaton hotunan biki da na suna, ko takardun ciniki na shekara da shekaru, sun salwanta.

To amma galibi bayanan na nan daram. Abin da ya sauya shi ne adireshin rumbun.

Unguwa da lambar gida

Kowace na'ura da ke haɗe da rauta tana da adireshin IP, mai kashi huɗu, kamar 192.168.1.20. A yawancin gidaje, kashi uku na farko tamkar sunan unguwa ne, na ƙarshen kuma lambar gida.

Tun shekarar 1996 aka fitar da ƙa'idar da ta keɓe wasu rukunonin lambobi domin amfanin cikin gida, ciki har da masu farawa da 192.168 da kuma masu farawa da 10. Amma kowane kamfani na zaɓar unguwar da rautarsa za ta yi amfani da ita. Wasu na amfani da 192.168.0, wasu 192.168.1, yayin da na'urorin Huawei masu aiki da layin waya, waɗanda suka yawaita a Nijeriya, kan yi amfani da 192.168.8.

Ke nan mutumin da ya bar wani kamfanin sadarwa ya koma wani, mai yiwuwa ya ƙaura da dukkan na'urorinsa zuwa sabuwar unguwa ba tare da ya sani ba.

Matsalar kan zo ta fuska biyu. Idan rauta ce ke raba adireshi da kanta, ta tsarin da ake kira DHCP, to sabuwar za ta ba rumbun sabon adireshi, alhali kwamfuta na ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Idan kuwa da hannu aka kafa wa rumbun adireshi na dindindin, to zai ci gaba da riƙe shi, ya zauna shi kaɗai a unguwar da kowa ya tashi.

Yadda ake gano shi

Matakin farko shi ne a tabbatar an jona kebul ɗin rumbun da sabuwar rautar, kuma fitilarsa na ci. Akasarin ƙananan na'urorin intanet na aljihu ba su da kafar jona kebul, saboda haka ba za su iya maye gurbin cikakkiyar rauta ba.

Daga nan sai a buɗe shafin rautar a burauza, ta hanyar rubuta adireshin da aka saba bugawa a jikinta, a duba jerin na'urorin da ke haɗe. Kamfanonin da ke ƙera rumbun ma na da manhajojin bincike, kamar Synology Assistant da Qfinder Pro na kamfanin QNAP.

Idan an samu sabon adireshin, sai a cire tsohuwar mahaɗar da ke kwamfuta, a yi sabuwa da shi.

Idan kuma rumbun na riƙe da adireshi na dindindin, akwai hanyoyi biyu. Ko dai a sauya lambobin sabuwar rautar su dace da na tsohuwar, ko kuma a sake kunna tsohuwar na ɗan lokaci, a shiga rumbun a umarce shi ya riƙa karɓar adireshi daga rauta.

Bayan haka, ana iya keɓe masa adireshi guda a cikin sabuwar rautar, domin kada ya sauya idan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Idan har yanzu shiru

Wani lokaci adireshin daidai yake, amma kwamfutar ce ta rufe ƙofa. Manhajar Windows kan ɗauki sabuwar hanyar sadarwa a matsayin ta bainar jama'a, kamar ta otal ko filin jirgin sama, sai ta daina neman sauran na'urori. Maganin shi ne a shaida mata cewa hanyar ta gida ce.

Haka kuma, kwamfutar da ta shiga ta layin baƙi na rautar ba za ta ga rumbun ba, domin da gangan aka raba wannan layi da sauran na'urorin gida.

Akwai kuma tsofaffin rumbuna da ba su san wata hanyar musayar fayiloli ba sai SMB1. Ta wannan tsohon tsari ne manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017, inda ta durƙusar da ayyuka a asibitocin Burtaniya da dama. Daga ƙarshen wannan shekarar ne kamfanin Microsoft ya fara janye tsarin daga sababbin Windows 10. Don haka sabunta manhajar rumbun ya fi aminci a kan sake kunna SMB1.

Inda haɗarin yake

Ba sauya rauta ne ke salwantar da bayanai ba, garaje wajen gyara ne. Maɓallin mayar da rumbu yadda ya fito daga kamfani na da matakai daban-daban. Wani na gyara saitin sadarwa ne kawai, wani kuma na iya share komai, saboda haka wajibi ne a karanta littafin na'urar kafin a taɓa shi.

Haɗari na biyu shi ne buɗe wa rumbun ƙofa kai tsaye zuwa intanet domin a riƙa shiga daga nesa. A watan Yunin 2021, masu kutse sun share bayanan da ke cikin rumbunan My Book Live na kamfanin Western Digital daga nesa. A watan Janairun 2022 kuma, manhajar DeadBolt ta kulle fayilolin dubban rumbunan QNAP, aka nemi kuɗin fansa.

Wannan ne ya sa masana harkar tsaron kwamfuta ke jaddada cewa rumbun gida shi kaɗai bai isa ba. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce a mallaki kwafi uku na duk wani muhimmin bayani, a kan na'urori iri biyu, sannan a ajiye ɗaya a wani wuri dabam da gidan.