Bawul Mai Aiki da Lantarki: Mai Tsaron Ƙofar Mai

GABATARWA

Tun daga shekarar 1916, lokacin da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a birnin Ibadan, mazaunanta suka shahara wajen fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Da zamani ya juya, sai wata haja ta shigo wannan tsohuwar hanya, watau man fetur. Bayan kafa Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, a 1977, Gwamnatin Tarayya ta shimfiɗa bututun mai wanda tsawonsa ya kai fiye da kilomita 5,000, aka giggina daffo-daffo a manyan garuruwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Apata, kan hanyar Ibadan zuwa Abeokuta. An gina shi don karɓar mai ta bututun da ya taso daga Atlas Cove a bakin tekun Ikko, ya bi ta Mosimi kusa da Shagamu, ya ratsa Ibadan ya zarce Ilori.

Saboda haka sha'anin mai ba baƙon abu ba ne ga mutanen Sabo, musamman direbobin tanka da yaran mota da makanikai. Amma kaɗan ne suka san na'urar da ke buɗe wa mai hanya, ta kuma rufe masa. Wannan ɗan littafi zai bayyana ta, da yadda ake daidaita ta, da abin da ke aukuwa idan aka yi sakaci da ita.

MENE NE BAWUL?

Bawul ƙofa ce a cikin bututu, kamar kan famfon ruwa na gida, sai dai girmansa ya kan kai a ɗaga shi da ƙugiya. Ana samunsa tun daga bakin rijiyar mai a yankin Neja Delta, har tashoshin lodin ɗanyen mai na Bonny da Forcados da Escravos, da matatu, da gindin kowane tanki a daffo. Iri biyu suka fi yawa. Akwai mai ƙyaure, wanda faifan ƙarfe ke sauka a hankali ya toshe hanya, sai an murɗa sandarsa sau da yawa. Akwai kuma mai ƙwallo, watau dunƙulen ƙarfe mai rami a tsakiya, wanda rubu'in juyi kaɗai ya ishe shi buɗewa ko rufewa.

A da ƙarti ke murɗa manyan bawuloli da hannu. Yanzu akan ɗora musu na'ura a ka, wadda ta ƙunshi ƙaramin injin lantarki, da giya, da ƙwaƙwalwa mai karɓar umurni. A bakin rijiya an fi amfani da masu aiki da matsin iska ko na ruwan mai, amma a daffo da kan bututu na lantarki sun fi yawa. Amfaninsu shi ne ma'aikaci yana zaune a ɗakin kulawa zai iya rufe tankin da ke can nesa, ko da wuta ta hana kowa kusantarsa.

Sai dai na'ura ba ta da hankalin kanta. Abin da injiniya ya koya mata ranar da aka kafa ta, shi za ta yi ranar tashin hankali.

ABUBUWA BIYAR DA AKE DAIDAITAWA

Na farko, gefen juyawa. Bisa al'ada bawul yana rufewa ne idan an murɗa shi dama, kamar tafiyar hannun agogo. Manyan na'urori suna aiki da wutar lantarki mai layi uku, kuma idan aka sauya wurin wayoyi biyu daga ciki, injin zai juya baya. Sai a ba shi umurnin rufewa ya buɗe. Na'urorin zamani suna gyara wannan da kansu, amma tsofaffi ba sa yi. Don haka kafin gwajin farko akan murɗa bawul da sitiyarinsa na hannu zuwa tsakiya, sannan a ɗan taɓa maɓalli a ga inda ya nufa.

Na biyu, iyaka. Lalle ne a nuna wa na'ura inda buɗewa ta ƙare da inda rufewa ta ƙare. Injiniya ya kan kai bawul ƙarshen kowane gefe da hannu, ya sa na'ura ta riƙe wurin. Idan aka kuskure, allon ɗakin kulawa zai nuna an rufe, alhali mai yana zurara ta ƙarƙashin ƙyaure.

Na uku, ƙarfin murɗawa. Kowane bawul yana da iyakar ƙarfin da sandarsa za ta jure, kuma masana'antar da ta ƙera shi ta kan rubuta adadin. Idan aka sa ƙarfin ya yi kaɗan, na'ura za ta tsaya a rabin hanya da zarar tsatsa ko laka ta ɗan riƙe ta. Idan ya yi yawa, za ta lanƙwasa sanda ko ta fasa mazaunin ƙyaure. A nan ake zaɓen abin da zai tsai da inji. Bawul mai ƙyaure irin na tsinke akan bar shi ya matse har ya kai ƙarfin da aka ƙayyade, shi kuwa mai ƙwallo iyaka ce ke tsai da shi. Babban kuskuren da ake gargaɗin ma'aikata a kai shi ne ƙara ƙarfi don bawul ya ƙi motsi. Bawul da ya cije yana bukatar a duba shi ne a gano dalili.

Na huɗu, saurin rufewa. Mai karatu zai zaci gaggawa ta fi, amma ba haka ba ne. Man da ke gudu a bututu mai tsawon kilomitoci yana da nauyin gaske. Idan aka datse shi farat ɗaya, matsi ya kan koma baya da gudun kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa guda, ya bugi bututu kamar guduma, har ya tsage shi a inda ya yi rauni. Saboda haka akan lissafa lokacin rufewa gwargwadon tsawon bututu da gudun mai, wani lokaci ma a sa na'ura ta riƙa tafiya tana ɗan tsayawa.

Na biyar, abin da za ta yi idan saƙo ya yanke. Bawul mai auna yawan abin da ke wucewa yana karɓar saƙo ta waya, daga miliamfa 4 zuwa 20. Yawanci 4 na nufin a rufe, 20 na nufin a buɗe duka. Hikimar farawa daga 4 ita ce, idan aka ga sifiri an san waya ta tsinke. To, a nan sai an gaya wa na'ura tun da wuri: ta rufe, ta buɗe, ko ta tsaya inda take. Ga bawul ɗin da ke cika tanki, rufewa ita ce kariya. Ga na ruwan kashe gobara kuwa, rufewa ita ce halaka. Haka kuma idan wuta ta ɗauke, na'ura ba za ta motsa ba sai in an tanadar mata batir ko sifirin mai mai da ita.

Duk wannan aiki ba a yinsa sai da takardar izni. Tururin fetur ba ya bukatar fiye da tartsatsi ɗaya, shi ya sa ake ƙera akwatin na'urar yadda ko wuta ta tashi a cikinsa ba za ta fito waje ba. Tun daga shekarun 1990 masana'antu irin su Rotork na birnin Bath a Ingila suka fito da na'urorin da ake daidaita su da ɗan rimot, ba tare da an kwance murfi ba.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Da asubahin 11 ga Disamba, 2005, wani tankin fetur ya cika ya tumbatsa a daffon Buncefield da ke Ingila. Ma'aunin tankin ya maƙale. Akwai kuma maɓalli na biyu wanda ya kamata ya sa a rufe bawul da kansa, amma bai yi aiki ba, domin ba a maƙala ɗan kwaɗon da ke riƙe hannunsa a daidai wurin aiki ba. Tururi ya mamaye wurin, ya kama da wuta, mutum fiye da 40 suka ji rauni, gobara ta yi kwanaki tana ci.

A watan Oktoba na 2009 irin wannan ta auku a daffon Jaipur a ƙasar Indiya. Fetur ya ɓalle daga gindin tanki, tururi ya hana ma'aikata isa wurin, kuma bincike ya nuna hanyar rufe bawul daga ɗakin kulawa ba ta aiki. Fiye da mutum 10 suka rasu. A duka wuraren biyu akwai na'ura, abin da aka rasa shi ne daidaitawa da gwaji. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka ake bukatar a riƙa motsa kowane bawul na gaggawa lokaci-lokaci, a rubuta sakamakon.

KIRA GA JAMA'A

A Nijeriya mafi munin asarar rayuka ta zo ne daga fashewar bututu da ɗibar man da ya malala. A Jesse cikin Jihar Delta ɗaruruwan mutane suka ƙone a Oktoba 1998. A Abule Egba a Ikko fiye da 200 suka halaka a Disamba 2006. Fasa bututun Mosimi ya sha tsai da aikin daffon Ibadan, har dakon mai ya koma kan tankoki da tituna. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora kula da wannan fanni a kan hukumomi biyu, NUPRC mai lura da haƙo mai, da NMDPRA mai lura da tacewa da jigila da rarrabawa. Amma hukuma ba ta iya gadin kowane taku na bututu, sai da taimakon jama'a.

Ana roƙon direbobi da yaran mota kada su taɓa maɓalli ko sitiyarin bawul a wurin lodi, ko da layi ya yi tsawo. Maɓallin da aka juya daga umurnin nesa zuwa na hannu ya kan raba bawul da ɗakin kulawa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa su guji wayar tagulla da akwatunan na'ura da ba a san asalinsu ba, domin wayar da aka yanke ta yiwu ita ce za ta rufe tanki ranar gobara. Duk wanda ya ji warin fetur ko ya ga mai yana tsattsafowa kusa da bututu, ya nisanci wurin, kada ya kunna ashana ko ya ta da inji, ya sanar da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko fadar Sarkin Sabo nan take.

Daga ƙarshe, ana jan hankalin iyaye cewa wannan aiki sana'a ce mai daraja. Ana koyar da ita a Makarantar Horon Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun kusa da Warri, da kwalejojin kimiyya da fasaha, har da ta Ibadan. Yaron Sabo da ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau zai iya zama injiniyan da dubban mutane za su kwana lafiya saboda aikin hannunsa. Rigakafi ya fi magani.