Daga goran Malam Inna zuwa jirgin teku: darasin tsayin eriya

A unguwar Malam Inna da ke Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, magidanci kan ɗaure eriya a kan dogon gora ya kafa a saman gida domin talabijin ta kama tasha da kyau. Ko da bai karanta kimiyya ba, ya san cewa tsayi ne sirrin. A kan wannan ƙa'ida ran matuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska ya rataya a tsakiyar teku.

Rediyon VHF da jiragen ruwa ke amfani da shi ba ya wuce inda ido zai iya hanga sosai, saboda saƙonsa a miƙe yake tafiya alhali duniya a lanƙwashe take. Eriyar da ke mita 1 daga ruwa ba ta kai wa fiye da kimanin kilomita 4, amma wadda aka ɗora a ƙolin sandar jirgi mai tsayin mita 16 takan kai kusan kilomita 16. Da ita ake kiran tasha ta 16, wadda duniya ta keɓe domin neman agaji. Idan tafiyar ta yi nisa, sai a koma ga gajeren zango: wayar ƙarfen da ke riƙe sandar daga baya ita ake mayarwa eriya, bayan an tsare bakinta sama da ƙasa da abin da wuta ba ta ratsawa. Babban abokin gaba shi ne gishiri, wanda ke cin mahaɗin waya har murya ta ɗauke.

Wannan darasi ya shafe mu. A watan Yunin 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a Patigi ta jihar Kwara. A madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ma, masunta na shiga ruwa kullum, kuma wayar salula ba ko'ina take samun sabis ba.

Kwalekwale ba shi da doguwar sanda, don haka tsayin sai a nemo shi a tudu: eriya mai tsawo a kowace mashiga, da mai sauraro dare da rana, da ƙaramin rediyon hannu ga kowane matuƙi. Hukumar NIWA ta daɗe tana wa'azin rigar kariya, kuma daidai ne. Sai dai wanda rigar ta riƙe a saman ruwa yana buƙatar wanda zai ji kiransa. Ma'aikatan da ke tsara kasafi a Abuja su sa wannan a lissafi.