Dalmar da ke ɓoye a cikin bututun roba

Robar PVC, wadda ake yin bututun rijiyar burtsatse da rigar wayar lantarki da ita, ba ta jure zafin narkarwa ita kaɗai. Dole masana'anta ta zuba mata sinadarin da zai riƙe ta, kuma wanda aka daɗe ana zubawa, saboda araharsa, shi ne dalma.

Muddin bututun na binne, kaɗan ne ke shiga ruwa. Illar tana zuwa bayan ya tsufa. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tsohuwar roba kan ƙare a juji, a cinna mata wuta, a kwashe tokar zuwa gonar masara da sunan taki. Wuta kuwa ba ta cin dalma. Maƙwabciyar Faskari, wato Zamfara, ta san gubarta: ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare a 2010.

Masana'antun Tarayyar Turai sun daina amfani da dalma tun ƙarshen 2015, galibi sun koma ga haɗin kalsiyam da tutiya. Amma ɗan kasuwar da ke saro bututu a Kano ba ya iya bambancewa da ido, sai da takardar masana'anta ko gwajin hukumar SON.