Taurin Kwaɗo da Sauyin Yanayi: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, kwaɗon shago da na gida sukan fara gardama, makulli ya shiga da ƙyar, ya juya da ƙyar. A wannan lokaci ne wani saƙon murya ke zagaya zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na unguwanni, yana faɗin dalilin taurin, yana kuma ba da magani. Akwai gaskiya a cikinsa, sai dai maganin da ya bayar shi ke kashe kwaɗo.

Cewar da ya yi sanyi ne ke daskarar da cikin kwaɗo zancen ƙasashen ƙanƙara ne, domin ruwa ba ya daskarewa sai a digiri 0, sanyin Kano ko Zinder kuwa ba ya kai can. Cewar kuma duk kwaɗon da ya yi tauri ɓarawo ne ya taɓa shi ba ta da hujja, muddin ba a ga karce ko lanƙwasa ba, kuma zargin maƙwabci ko yaron shago a kan haka zalunci ne.

Inda saƙon ya yi daidai shi ne batun ƙyaure. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, sai harshen kwaɗo ko sakata ya kauce wa raminsa. Ƙarfe ma yana miƙewa da zafi: ƙofa mai tsawon mita 2, idan rana ta ƙara mata digiri 30, tsawonta na ƙaruwa da kusan milimita 0.7, wanda ya isa ya matse ƙofar da mai walda bai bar wa sarari ba. Gane wannan ba wuya. A buɗe ƙofar a juya makulli. Idan ya juya salin alin, kwaɗon lafiyarsa lau, aikin na kafinta ne ko mai walda.

Ɓarnar tana cikin shawarar a ɗura man gyaɗa, ko manja, ko baƙin mai a ramin makulli. Yawancin kwaɗon da ake amfani da shi yau samfurin da Linus Yale ƙarami ya inganta ne a Amurka a shekarun 1860. A cikinsa akwai 'yan ƙananan fil, galibi biyar, kowanne da siririn sifirin da ke tura shi ƙasa, kuma sai haƙoran makulli sun ɗaga kowanne daidai wurinsa kafin ya juya. Ƙurar hunturu, wadda mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tsakanin Nuwamba da Maris, ta fi gari laushi, tana shiga ramin ta kwanta. Muddin a bushe take, ana iya hure ta. Idan ta haɗu da mai sai ta zama kwaɓi. Man girki kuma, ko babu ƙura, iska na sa shi ya yi danƙo, baƙin mai kuwa dama da dattin inji yake zuwa. Sifirin ya kasa tura fil, mai shago ya sa ƙarfi, makulli ya karye a ciki, a ƙare da sare kwaɗo.

Waɗanda suka yarda ba su yi wauta ba. A ranakun farko kwaɗon yana laushi da gaske, illar sai bayan makonni, lokacin da ba mai tuna man. Ga shi kuma mai yana da amfani a jikin sakata da mahaɗin ƙyaure, musamman da damina saboda tsatsa. Laifin na wanda ya naɗi saƙon ne, da ya yi magana da muryar gwani alhali tambaya ɗaya wurin mai yanka makulli ta ishe shi.

Abin da ya dace da ramin makulli busasshen abu ne. A hure ƙurar, a goga bakin fensir a haƙoran makulli, a sa a cire sau da yawa, kaɗan ya isa. Kwaɗon da aka riga aka ɗura wa mai sai an wanke shi da kananzir ya tsane sarai tukuna, in ba haka ba garin fensir ɗin ma kwaɓewa zai yi. Na waje kuma a rufa masa ɗan yankin roba ko fata, ya tare ƙura da rani, ya tare ruwa da damina.