Karen da aka tsinta: a fara da hankalinsa kafin tsalle

A ƙauyukanmu na ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo har Gagarawa, yaro kan dawo gida da karen da ya tsinta a bola ko a gefen kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Sai a bar shi don gadin awaki. Bayan 'yan makonni sai ƙorafi ya taso: ya kori kajin maƙwabta, an kira shi bai waiwayo ba. Daga nan sai sanda, ko a kore shi ya koma yawo.

Ba taurin kai ne ke damunsa ba. Karen da ya tashi a titi ya rayu ne ta hanyar lura da kowane motsi da kowane ƙamshi. Dukan da muke masa tsoro yake ƙara masa, kuma kare mai tsoro shi ne ya fi saurin cizo.

Akwai wani horo da aka fara nunawa a bikin karnuka na Crufts a Landan a 1978, inda kare ke tsallake shinge, ya ratsa rami, ya zagaya sanduna bisa umarnin mai shi. Mu ba gasa muke nema ba. Amfaninsa a gare mu shi ne yana koya wa kare sauraron mutum guda ko da ana hayaniya.

Rigakafi tukuna

Kafin komai, mu kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar ciwon haukan kare. Ana fara ta daga wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Kusan duk mutumin da ya kamu da wannan ciwo daga cizon kare ya same shi. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Matakan horo

1. Mu zaɓi wuri shiru, babu kaji, babu taron yara, da sanyin safiya kafin ya ci abinci.
2. Mu kira sunansa sau ɗaya. Da zarar ya dube mu, mu ba shi guntun ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi nan take. Wannan kaɗai za mu yi har sati guda.
3. Mu ɗaura masa doguwar igiya, mu koya masa “zo” da “zauna”. Kalma guda ga kowane umarni, mutum guda ke koyarwa.
4. Sannan mu kwantar da karan dawa a ƙasa ya ƙetare, mu jingine tsohuwar taya ya ratsa, mu kafa sanduna ya zagaya. Kwikwiyon da bai kai shekara ba kada a sa shi tsalle mai tsawo, gaɓoɓinsa ba su ƙosa ba.
5. In ya iya, mu matsa kusa da turken awaki mu maimaita. In hankalinsa ya tafi, mun yi gaggawa ne, sai mu ja baya.

Minti 5 sau biyu a rana ya fi awa guda a tashi ɗaya. Mu tsaya tun bai gaji ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da akuya ta gifta da gudu, muka kira shi ya juyo gare mu, ranar ce za mu iya kwance masa igiya.