Bitamin A: Ɗigon Man da Ake Matsa wa Ƙannenmu a Baki

Dukanmu mun saba ganin ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da ƴan ƙwayoyi masu taushi, wasu ja wasu shuɗi. Sai su yanke bakin ƙwayar da almakashi, su matse man a bakin yaro. Da yawanmu mun ɗauka maganin shan inna ne, tunda a nan Nijar tun 1997 aka fara haɗa rabonsa da rigakafin shan inna. To ba shi ba ne, wannan bitamin A ne.

Alamar ƙarancinsa ta farko mun san ta da sunanta: dundumi. Yaro yana gani garau da rana, amma da an yi magariba sai ya riƙa lalube yana tuntuɓe da kwanuka. In abin ya yi nisa ido ya bushe, har ya kai ga makanta. Abin da ya fi ba mu tsoro kuwa ba a ido yake ba. Yaron da ya rasa wannan bitamin jikinsa ba ya iya jure ƙyanda da zawo. Wani likitan ido, Alfred Sommer, ya yi bincike a Indonesiya, ya fitar a 1986 cewa mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka ba su shi.

Shuɗiyar ta ƴan wata 6 zuwa 11 ce, jar kuma ta ninka ta ƙarfi, ta ƴan shekara 1 zuwa 5 ce. Me ya sa sau biyu kawai a shekara? Saboda hanta tana ajiye shi, jiki yana ɗiba kaɗan-kaɗan, kamar hatsi a rumbu. Shi ya sa bai kamata uwa ta sake kai yaro layi ba bayan an ba shi, yawansa yana da illa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, mai ciki kuma ba ta shan wannan ƙwaya.

A ganinmu dai ƙwayar ciko ce, tushen yana cikin tukunya: hanta, ƙwai, manja, kabewa, karas, mangwaro, gwanda da zogale. Sai da maiƙo jiki ke tsotsarsa, don haka in an dafa zogale a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, a kuma zuba wa ƙananan nasu kwanon daban, don manya sun fi su saurin hannu.